Ranar da Baba Ademola Bai Buga Kofi Ba

Likitan ya kai minti biyu yana magana, Kausar kuwa tun a jimla ta biyu aka baro ta a baya. Suna tsaye a barandar ɗakin maza na asibitin, ruwan sama na dukan kwano, wata mai shara na jan bokiti a kan siminti, shi kuma yana ta zuba Turanci yana nuna takardar hannunsa da biro. Matashi ne, Dakta Munachimso, wanda bautar ƙasa ta kawo Jos wata biyu da suka wuce, Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "ina ciwo" ba. Kuma a yi masa adalci, bai yi ganda ba. Ya ɗaga yatsu uku ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya sake bi. Kausar ta ga yatsun sarai. Abin da ya rataya a jikin kowane yatsa ne ya wuce ta.

Ta dai tsinci 'yan kalmomi nan da can: gida, magani, hutu. Sauran duk sun manne da juna, ba ta san inda wannan ta ƙare waccan ta fara ba. Da ya gama sai ya dube ta ya yi tambayar da ta sani tun tana aji ɗaya, wadda kowane malami ke yi in ya juyo daga allo. Ya tambaye ta ko ta gane.

"Yes sa," in ji Kausar.

Kafin ta yi tunani bakinta ya riga ya amsa. Shekara goma sha biyu ta yi a ajin da ke ɗaukar mutum tamanin, inda ake amsa wannan tambaya baki ɗaya da ƙarfi, wanda ya gane da wanda bai gane ba, don malam ya samu ya wuce gaba. Wanda ya ce bai gane ba kuwa ranar shi ne abin dariya har a tashi. Likitan ya yi murmushi, ya miƙa mata takardar sallama da ledar magunguna, ya koma ciki wurin gado na gaba. Ta bi bayansa da kallo, ƙafarta ɗaya har ta ɗaga. Sai ta ga ya riga ya sunkuya kan wani majinyacin, ta ninke takardar gida huɗu ta cusa a jaka.

Wanda aka sallama ɗin ba mahaifinta ba ne. Baba Ademola maƙwabcinsu ne a gidan haya a Gada Biyu, ɗakinsa na kallon nasu, rijiya ce kawai a tsakani. Bayarabe ne da ya zo Bukuru yana saurayi ya yi akawu a kamfanin kuza, da harkar kuza ta mutu ya koma koyarwa, ya yi shekara talatin yana cusa wa 'ya'yan mutane Turanci. Matarsa ta rasu, 'yarsa tilo Rodiat tana aure a Ibadan, ciwon ido kuma ya cinye ganinsa a hankali har ya zama hasken ƙofa kawai yake iya bambancewa. Da ƙafarsa ta kumbura aka kwantar da shi kwana biyar, aka ce jini ne ya daskare a cikin jijiya, Inna Binta, mahaifiyar Kausar, ba ta yi shawara da kowa ba ta ce Kausar ce za ta yi jinya.

"Ke ce mai Turancin gidan nan," ta ce. "Ni in na je me zan ji?"

Mai Turancin gidan nan kuwa sau biyu Turanci yana kayar da ita a jarrabawar gama sakandare. Lissafi ta ci, kimiyya ta ci, makarantar koyon jinya da take mafarki ba abin da ya tsaya tsakaninsu sai wannan darasi ɗaya. Da safe tana zuwa lesin, da yamma bayan la'asar ta ɗauki kujera 'yar tsugunno ta tafi ƙofar Baba. Shekara ɗaya da rabi ke nan suna haka. Ita ce idonsa, tana karanta masa tsoffin jaridu, shi kuma yana gyara mata. In ta gama sai ya ce ta juya masa baya, ya yi magana da Turanci, ta maimaita masa abin da ta ji da Hausa. Wai in tana kallon fuskar mutum gyaɗa kai take yi, ba sauraro ba.

Yana da kofin ƙarfe da yake shan shayi da shi, da ƙaramin cokali a ciki. Duk sa'ad da ta zo kan kalmar da ba ta sani ba, sai ta ƙara gudu don ta tsallake, shi kuma sai ya ɗauki cokalin ya buga gefen kofin sau ɗaya. Ƙararsa har ɗakin Inna ake ji.

"Kausara, ka koma baya," yakan ce. Mutumin da ba ya yafe mata ko harafi ɗaya a Turanci, shekara hamsin a Jos bai raba "ka" da "ki" ba, kowa "ka" ne a wurinsa har matar liman. "In ka yi sauri na san ka ɓata. Ka ce Baba ban gane ba. Faɗin haka ba ya kashe mutum o."

A ƙofarsa ta koyi faɗin hakan, da ƙyar, kuma a ƙofarsa kaɗai take iya faɗa. Har doka ya kafa cewa "yes sa" ba ta shiga ɗakinsa, a bar ta a waje tare da takalmi.

Da keke napep ya sauke su a bakin layi ruwan ya tsagaita. Mutanen gida suka fito, wannan ya kama hannu, wancan ya ɗauki bargo, aka zaunar da Baba a kujerarsa ta katako a ƙofar ɗaki. Inna Binta ta kawo masa shayi a kofinsa. Matan gidan suka tsaya da yara a goye ana ta barka da arziki, har mai gidan da kansa ya leƙo. Baba ya kurɓi shayin ya juya fuskarsa wajen da yake jin numfashin Kausar.

"To, Kausara. Lokacin da likita ya zo ina barci. Me ya faɗa maka?"

Ido ya yi mata yawa. Inna tana tsaye da hannu a ƙugu, fuskarta cike da alfahari tun kafin a ba da amsa.

"Ya ce ka huta a gida, ka riƙa shan magani a kan lokaci, shi ke nan, ya ce ka samu sauƙi," in ji Kausar, duk a numfashi ɗaya.

Hannun Baba ya motsa. Ta ga yatsunsa sun lalubi bakin kofin sun kama cokalin. Ya riƙe shi ɗan lokaci, sannan ya juya shayin da shi sau biyu ya saki.

"Madalla," ya ce.

"Kun ji ko?" in ji Inna, tana duban matan. "Da likita fa ta tsaya, Turanci zalla, ba tafinta."

Da Kausar ta shiga ɗaki ta buɗe takardar. Rubutun hannu ne, haruffa sun kama juna sun kwanta, ita kuma ko na jarida da aka buga tsaf sai ta bi da yatsa. Ta gane sunan Baba a sama da shekarunsa, ta gane kwanan wata. Layi uku ne a ƙasa, kowanne da lamba, na farkon an ja masa layi biyu a ƙarƙashi. Ta juya takardar ta kai ta bakin taga, ba abin da ya ƙaru. Sai ta duba ledar magungunan ta ga mai ba da magani ya zana sanduna a jikin kowace 'yar jaka, ɗaya da safe, ɗaya da yamma. Hankalinta ya ɗan kwanta. Ai abin da ya fi muhimmanci ke nan, ta ce wa kanta, in da akwai wani babban abu da wata nas ta faɗa da Hausa. Ta sa takardar a tsakiyar littafinta na Turanci ta rufe.

Kwana biyu Baba ya yi yana jin daɗin jikinsa. Kumburin ya saɓe, ya koma fitowa alwala da kansa yana dafa bango. A rana ta uku sanyin damina ya tayar masa da tsohon ciwon gwiwa, wanda ya girmi Kausar, ya ce ta je kemis ta sayo masa ƙwayarsa ta kullum, 'yar ja ɗin nan. Shekaru tana sayo masa ita, ba sabon aike ba ne. Amma wannan karon ta zare takardar likita daga littafi ta tafi da ita, da niyyar mai kemis ya karanta mata.

Shagon a cike yake, 'yan keke biyu na fakewa daga yayyafi, wata mata na jiran maganin tari.

"A'a, ga Nas da kanta!" in ji mai kemis. "An ce ke kika yi wa likita fassara a asibiti. Gobe in kin zama babbar sista kar ki manta da mu fa."

Mutane suka juyo suna kallonta, matar ta ce Allah Ya yi albarka. Hannun Kausar na cikin jaka a kan takardar. Ta ji kunnuwanta sun yi zafi. Ta ce a ba ta ƙwayar Baba kati biyu, ta karɓa ta fito, takardar ba ta ga hasken shagon ba.

Haka aka ci gaba. Da safe ta ba shi na asibiti, in gwiwa ta matsa ta ɓallo masa ja guda biyu ta sa a tafin hannunsa, ya kora da shayi ya ce Allah Ya yi mata albarka. Ran kwana shida ta ga asuwakin da ya ajiye a kan taga ya yi ja. Ta tambaye shi, ya ce dasashin tsoho ne, haƙoran ma na neman sallama. Washegari ya yi haɓo, Inna ta jiƙa tsumma ta ɗora masa a goshi, aka ce sanyi ne. Kausar ta tsaya riƙe da tsumman, yatsun likita uku na dawo mata a ido. Ba ta san abin da suke nufi ba, amma hankalinta ya ƙi kwanciya.

Da la'asar ɗin ranar ta zo da niyya. A hanya daga ɗakinsu zuwa nasa, taku goma sha biyu, ta shirya maganar tsaf: Baba, ranar nan ban gane abin da likita ya ce ba. Ta tarar yana waya da Rodiat, wayar a manne da kunne, yana ɗaga murya irin ta tsofaffi. Yarbanci yake yi, amma ta ji sunanta, sai kuma ya juye zuwa Hausa don ta ji.

"Ga shi nan ya zo. Rodiat, wannan yarinya ya tsaya da dokta, shi kaɗai. Shekara talatin ina koyarwa, wannan ne na ƙarshe na, kuma bai ba ni kunya ba. Bana zai ci jarrabawa, ka rubuta ka ajiye."

Ya kashe wayar yana dariya, dariyar da ta daɗe ba ta ji ya yi ba. Kausar ta zauna a kan 'yar kujerarta, ta haɗiye maganar da ta shirya. Ta ce a ranta gobe, in ya huce daga wannan murnar. Ta buɗe jarida ta karanta masa labarin farashin dankali a hankali, ko sau ɗaya bai buga kofi ba.

Goben ta zo ta wuce ba ta faɗa ba. A safiyar kwana na tara tana jan ruwa a rijiya ta ji kofin ya faɗi yana gangarawa a kan siminti. Ta saki guga da igiyarsa ta ruga. Baba na durƙushe a bakin gado, hannu ɗaya a ƙasa, gaban jallabiyarsa duk jini, yana ta lalube yana tambayar me ya zubar. Ihun da ta yi ne ya fito da duk gidan. Aka tsayar da keke a titi, aka naɗe shi a bargo, Inna ta rungume kansa tana salati, Kausar ta kwashi duk maganin da ke kan taga ta zuba a leda, har da jajayen. Cunkoson bakin tasha ya riƙe su, ɗan keken na ta danna ham yana roƙon a ba shi hanya, ita kuwa tana jin hannun Baba yana yin sanyi a cikin nata.

Dakta Munachimso ne a bakin aiki. Ya gane su nan take. Aka shige da Baba, aka ɗaura masa ruwa, aka aika neman jini. Bayan kamar rabin awa likitan ya fito riƙe da ledar, ya zaro katin jajayen ƙwayoyin da saura biyu a jiki, ya ɗaga shi a gaban Kausar yana magana da sauri. Wannan karon kallonsa kawai take yi hawaye na zuba. Sai ya juya ya kira wani ma'aikacin jinya, dattijo mai furfura a gemu, Dantong, ya ce ya faɗa mata.

Dantong ya saurari likitan, ya ja numfashi, ya dubi Kausar ya sassauta murya.

"Yarinya, ya ce ranar da aka sallame ku ya gaya miki abu uku. Na ɗaya, Baba ya daina shan wannan maganin ciwon jiki kwata-kwata, don sabon maganin da aka ba shi na tsinka jini ne, in suka haɗu suna sa zubar jini a ciki. Na biyu, ku dawo bayan kwana uku a auna jininsa. Na uku, in kun ga jini ko kaɗan, a hanci ko a baki, ku kawo shi a take."

Shi ke nan. Abin da ya fi ƙarfinta kwana tara, Dantong ya faɗe shi kafin a ƙirga ashirin, da kalmomin da ko yaron goye a gidansu ya sani. Likitan ya ƙara wata magana, Dantong ya fassara mata.

"Ya ce ya tambaye ki, kika ce kin gane."

"Ban gane ba," in ji Kausar. "Ko ɗaya ban gane ba. Wallahi ban gane ba."

Dantong bai fassara ba, kuma ba a buƙaci ya fassara ba. Likitan ya sauke hannun da ke riƙe da katin, ya tsaya yana kallon ƙasa, sannan ya koma ciki. Inna Binta na zaune a benci, ta ji komai. Ta jawo gefen mayafinta ta toshe bakinta da shi.

An yi wa Baba ƙarin jini leda biyu, mai gidan da wani ɗan keke suka bayar. Washegari da hantsi ya farfaɗo, ya nemi ruwa, ya tambayi wa ke kusa. Kausar na zaune a gefen gadon tun asuba. Ta durƙusa ta kama ƙarfen gadon, ta faɗa masa duka, tun daga baranda har kemis, ba ta tsallake komai ba, kuma ba ta yi sauri ba. Ta ce ita ce ta riƙa sa masa ƙwayar a hannu. Ta ce ya yafe mata, ko da ita ba za ta yafe wa kanta ba.

Ya rufe ido, har ta zaci ya koma barci. Sannan ya lalubo kanta ya dafa.

"Na ji," ya ce. Muryar ta zama siririya. "Tun ranar na ji. Ka yi sauri, Kausara. Gudu ka yi kamar an biyo ka."

"To me ya sa ba ka buga ba, Baba?"

"Na ɗauki cokali." Ya tsaya ya huta. "Mama naka yana tsaye, mata duk suna tsaye. Na ce ba zan ba yarinya na kunya a gaban mutane ba, gobe zan tambaye shi mu biyu. Gobe ya zo, na ji daɗin abin da ake faɗa a gida, wai ɗalibin Baba ya yi Turanci da dokta. Na so ya zama gaskiya. Ban tambaya ba." Yatsunsa suka motsa a kan ɗankwalinta. "Kai ɗalibi ne. Ni ne malami. Wanda ya ji kuskure ya yi shiru, nasa ya fi girma."

"A'a Baba, ni ce."

"To mu raba," ya ce, har da ɗan murmushi. "Ka ɗauki ƙarami. Ba ka da ƙarfin babba."

Ta kifa kai a kan katifar tana kuka mai cin rai, irin wanda ba ya fita da sauti. Ya bar hannunsa a kanta. Can ya tambaya ko ta zo da jarida, ta ce a'a. Ya ce ba komai, gobe.

Jinin bai tsaya ba. Ana kiran sallar azahar a masallacin asibitin numfashinsa ya canja, Dantong ya zo ya ja labule, Inna ta matso tana laƙƙana masa kalmar shahada, leɓɓansa na bin ta. Kafin a idar da sallar ya cika. Kausar ba ta yi ihu ba wannan karon. Ta tsaya riƙe da silifas ɗinsa da ta kwaso daga gida a ruɗe, ba ta san inda za ta ajiye su ba.

A ranar aka yi jana'iza, bayan la'asar, daidai lokacin da ta saba ɗaukar kujerarta. Layin ya cika da mutanen da ba ta taɓa gani ba, manya da furfurarsu, wasu daga Bukuru, kowa na cewa Baba ne ya koyar da shi. Daga cikin gida mata suka ji an ɗaga makara. Rodiat ba ta iso ba sai washegari da yamma, ƙafafunta a kumbure saboda zaman mota. Ta rungume Kausar tana kuka tana godiya da Hausarta ta 'yar Gada Biyu da ba ta manta ba. Kausar ta janye jikinta ta faɗa mata gaskiya a tsaye, a gaban Inna. Rodiat ta saurara har ƙarshe. Ba ta zage ta ba, ba ta kuma ce ba komai ba. Ta ce Allah Ya sa kwanansa ne ya ƙare, ta shige ɗakin mahaifinta ta turo ƙofa, kwana biyu ba ta ɗaga ido ta dubi Kausar ba. Wannan ya fi mari zafi, kuma Kausar ta san ba a zalunce ta ba.

Bayan addu'ar kwana takwas irin ta al'adarsu Rodiat ta ɗaure kayan da za ta tafi da su, sauran ta rabar. Da safen tafiyarta ta tsallako rijiya ta tsaya a ƙofar su Kausar da kwali a hannu. Tsoffin jaridu ne, da ƙamus wanda bangonsa ya cire, da kofin a sama, gefensa ya loɓa inda ya bugi siminti.

"Ya ce ke ce ta ƙarshensa," in ji Rodiat. Ta ajiye kwalin a ƙasa. Ta ɗan tsaya kamar akwai saura, sannan ta taɓa kafaɗar Kausar sau ɗaya ta juya.

Kujerar katakon ba wanda ya ɗauka, ƙafarta ɗaya a ɗaure take da waya. Aka bar ta a ƙofar ɗakin da yanzu ke rufe da kwaɗo, kafin a samu sabon ɗan haya. Ranar da yamma, da aka idar da la'asar, ƙafafun Kausar suka kai ta can da 'yar kujerarta. Inna ta gan ta daga bakin murhu ta ci gaba da girkinta. Kausar ta ajiye kofin a hannun kujerar Baba inda yake zama, cokalin a ciki. Ta buɗe littafinta ta zaro takardar likita, wadda ninkin ya fara cinyewa, ta shimfiɗa a gwiwa.

Yanzu da ta san abin da ke ciki, haruffan suka fara rabuwa da juna. Ta ɗora yatsa a layin farko, mai ja biyu a ƙarƙashi, ta karanta a bayyane, kalma ɗaya bayan ɗaya, yadda yake so. Ta wuce ta farko, ta wuce ta biyu. A ta huɗu ta ci karo da wata doguwa da ba ta taɓa gani ba. Ta ji harshenta na shirin gudu, ta tsayar da shi.

"Baba," ta ce, "ban gane wannan ba."

Ta jira, yatsanta a kan kalmar. Yayyafi ya fara sauka a kan kwano, ɗigo na faɗowa daga bakin indararo yana shiga kofin ɗaya bayan ɗaya.